Shekarar da na sayar da karan gonar Inna

Shekarun baya, lokacin da nake da gemu amma hankali bai gama zuwa ba, na taɓa sayar da abin da ba nawa ba, har ina yi wa kaina kirarin mai wayo. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan, kunya ce take hana ni. Yanzu kuwa kunyar ta tsufa, sai ku gyara zama.

Ƙauyenmu yana bakin tafkin Kainji, ta ɓangaren Ngaski. A lokacin na gama karatu, takardar tana cikin akwati tana shan barci, ni kuma ina kabu-kabu a Yelwa da babur ɗin wani. Wata rana ina jiran fasinja kusa da masu kifi sai ga abokina da muka yi makaranta tare. Ya ce in kashe babur, arziki ya zo. Wai wasu mutane ne suke son kafa injin da zai riƙa ƙona karan gona yana tafasa ruwa, tururin ya juya inji, wutar lantarki ta fito. Kafin su kafa, suna son su gwada tara kara na shekara ɗaya ko biyu, su ga ko zai ishe su. Suna neman ɗan gari mai jin Hausa da yaren mutanenmu, wanda kuma ya iya rubutu. Ban bari ya kai ƙarshe ba na ce ai ni ake nufi.

Aka ba ni hula da wata riga mai ƙyalli da sikelin ratayawa. Ranar da na fara shiga ƙauye da kayan nan, tafiyata ma sai da ta canza. Babban nasu wani injiniya ne mai fara'a, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, kuma har yau ban ɗauke shi mugu ba. Sai dai a wurinsa duk abin da ya rage a gona bayan an cire hatsi shara ne. Kullum maganarsa ita ce za su mayar mana da shara kuɗi. Ni ma na hardace, ina bi gida gida ina rerawa.

Manoma suka riƙa saurarona suna cewa Allah ya sa alheri, amma babu wanda ya ɗaure ko dami ɗaya. Abokina ya ce mutanenmu sai sun gani da ido, in fara da gonar gidanmu. Gonar kuwa ta mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna, ita take riƙe da ita tun rasuwar mahaifina. An gama girbin dawa ke nan, ita kuma ta tafi Wara zaman jegon ƙanwata, sai an yi arba'in za ta dawo. Na ga fili ya samu.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa ban san karan yana da mai shi ba. Akwai wani dattijon Bafulatani, aminin mahaifina, muna ce masa Baffa. Tun kafin a haife ni, duk shekara idan kaka ta wuce yakan gangaro da garkensa wajen tafki, kuma gonarmu ce zangonsa na farko. Shanu su ci kara da guntun harawa, su kwana a ciki. Bayan 'yan kwanaki ya matsar da makwancinsu gaba, a haka a haka har gonar ta sha taki daga wannan iyaka zuwa waccan. Idan zai tashi Inna ta ba shi dammunan dawa, matarsa kuma duk zaman nan ba ta raba mu da nono da man shanu. Babu takarda, babu shaida. Da mahaifina yake jinyar ajali, cikin abubuwan da ya bar wa Inna har da cewa kada a bari maganar Baffa ta faɗi ƙasa. Duk na san wannan. Na dai ce wa zuciyata shekara ɗaya ce tak, daji kuma da faɗi, ba zai rasa inda zai kai shanunsa ba.

Na ɗauki 'yan ƙwadago suka sare karan tas, suka ɗaure. A nan na fara karatun da ba a koya mini a makaranta ba. Masu sara da kuɗinsu, ga abincin rana. Mai amalanke da ya kai bakin ruwa da nasa. Sai mai jirgi, wanda ya kalli tulin kayan ya yi dariya, ya ce shi wuri yake sayarwa, ba ruwansa da nauyi. Kara kuwa kun san shi, ya cika jirgi har ba ka ganin mai tuƙi, amma ka ɗora a sikeli ka ji kamar ka yi kuka. Sawu uku muka yi. A hanya igiyar ruwa ta jiƙa na ƙasa, da muka isa filin da suke tarawa a bayan Yelwa aka soka wani ƙarfe a ciki, aka ce da danshi, aka rage. Aka ce da ƙasa a gindinsa, aka sake ragewa. Da na sallami kowa, abin da ya rage a hannuna ya saya mini takalmi, ya sayi atamfa mai araha da na yi niyyar toshe bakin Inna da ita. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na koma ƙauye ina taka sabon takalmi, duk wanda ya tambaye ni in ce ai an samu alheri sosai. Da wannan ƙaryar na ja maƙwabtan gonarmu huɗu suka share nasu su ma. A wurin aiki aka yaba mini, har injiniya ya dafa kafaɗata.

Wata safiya ina gonar ina duba ko akwai sauran abin kwashewa, sai na ji kukan shanu. Baffa ne. Ya tsaya a gindin ɗorawar da ke kan iyaka, sanda a kafaɗa, yana kallon gonar da ta koma kamar masussuka. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi Inna da mai jego. Sannan ya ce, "Gobara anka yi?"

Na ce, "A'a Baffa, sayarwa na yi."

"Innarka ta sani?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya sa albarka, ya juya. Akwai wata tsohuwar saniya fara da ke jan garken. Ita ba ta san an yi ciniki ba, ta nufi cikin gonar kai tsaye yadda ta saba. Sau uku yana tare ta tana komawa, sai da ya sa mata sanda. Tunda nake ban taɓa ganin ya doki dabba ba sai ranar.

Da Inna ta dawo, labari ya riga ni isa gare ta tun a bakin ruwa. Ko kayanta ba ta kwance ba ta wuce gona. Da ta komo na miƙa mata atamfar ina 'yan dabaru. Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Mi munka yi maka, ni da ubanka, da za ka maishe mu maƙaryata? Shi shina kabari, ba ya iya hwaɗin komi. Ni kuma da wane ido zan dubi bawan Allah wanga?"

Na fara zuba mata karatu, ina maganar ci gaba da wutar lantarki da yadda duniya ta wuce zamanin kashin shanu. Ta bar ni na gama. Ta ce to, ita ba ta yi boko ba, amma in jira damina, gona za ta ba ni amsa. Atamfar nan har Inna ta koma ga Allah ba ta ɗaura ta ba.

Gona kuwa ta ba ni amsa. Ruwan farko ya zo da iska, ya sami ƙasa tsirara, ya kwashe ta sama ya zuba a kwari. Aka yi shuka, dawa ta fito 'yar siririya, ganye rawaya. Dole Inna ta sayar da tumakinta biyu aka sayi takin zamani, wanda kuɗinsa ya ninka abin da na samu a karan ban san sau nawa ba. Duk da haka ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya fito ya yi mana sallama. Ni ina Yelwa cikin riga mai ƙyalli, tsohuwa tana duƙe tana cire shi da hannu. Idan na zo gida ba ta yi mini gori, tuwo ma ta zuba mini da yawa. Wannan ya fi zagi ciwo, wallahi.

Ana saura kaɗan a fara girbi na haɗu da Baffa a kasuwar shanu. Na so in zille, ya riga ya gan ni. Bayan gaisuwa na yi ƙarfin hali na tambayi garke. Ya ba ni labari kamar yana ba da labarin wani. Ya ce bara ya taho da lissafin gonarmu da na maƙwabta, da ya tarar babu, sai ya wuce gaba tun lokaci bai yi ba, ga shanu masu shayarwa ba su yi ƙwari ba. Uku suka faɗi a hanya, wasu ya ba mahauta a yadda suka taya. Farar saniyar nan tana cikin waɗanda suka faɗi. Bai ce laifina ne ba, ni ma ban buƙaci ya ce ba.

Na tambaye shi ko bana zai zo. Ya ce, "Na ji an ce takarda za ku sa ma hannu. Saniya ba ta cin takarda, ɗana. In na taho na iske wuri a share kamar bara, sauran ma ƙarewa za su yi."

Maganar takarda gaskiya ce, ni ma a makon na ji ta. Mutanen injin sun ce gwajin farko ya nuna ba za a dogara da ganin damar manomi ba, don haka suna son kowane gida ya dangwala hannu cewa duk abin da ya rage a gonarsa nasu ne na wasu shekaru, a kan farashin bara, kuma manomi ne zai kai bakin ruwa. Su kuma sun yi alkawarin idan inji ya tashi ƙauyenmu yana cikin na farko da za a ja wa wuta. Ni ne zan yi tafinta, ni zan karɓi dangwale. Abokina ya raɗa mini cewa idan abin ya yi kyau za a ɗora ni kan ƙauyuka da yawa, har da babur nawa na kaina. Ya ƙara da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwana uku ina juya maganar, ba zan ɓoye muku ba, babur ɗin nan ya shiga raina.

Aka sa taron ranar Talata a ƙofar gidan mai gari, don masu zuwa masallaci da masu zuwa coci kowa ya samu halarta. Maza a gaba, mata daga gefe, Inna tana cikinsu. Injiniya ya yi bayani da Turanci yana haɗawa da 'yar Hausarsa, ina juyawa. Ban rage masa ko kalma ba. Da ya zo kan cewa shara ce da ma ƙonawa muke yi, ita ma na faɗa yadda ya faɗe ta. Na ga tsofaffi suna kallona, na gane ba maganarsa suke aunawa ba, tawa suke jira, tunda ni ne ɗan gida da ya gwada ya ce da riba.

Sai na ce, "Wannan maganarsa ce, na isar. Yanzu ga tawa. Bara na yi muku ƙarya."

Na faɗa musu abin da ya rage mini bayan na sallami masu sara da mai amalanke da mai jirgi. Na nuna takalmin da ke ƙafata na ce ga rabin ribar nan. Aka yi 'yar dariya. Na faɗi tumakin Inna, na faɗi shanun Baffa. Na nemi gafarar mutum huɗun da na ja, suna zaune a wurin. Abokina yana ta ja mini riga ta baya.

Daga nan na juya wurin injiniya na tambaye shi da Turanci, sannan na maimaita da Hausa don kowa ya ji, ko a lissafinsu akwai kuɗin takin da manomi zai saya idan shanu ba su kwana a gonarsa ba. Ko akwai na darnin da za a kewaye gida da shi, da abin da mata za su hura wuta. Mutumin kirki, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce waɗannan ba sa cikin lissafi, domin idan aka sa su wutar za ta yi tsadar da babu mai iya saye. Na ce to ashe arahar wutar daga aljihunmu za ta fito, mu biya da ƙasar gonarmu, sannan a kawo mana takardar kuɗin wuta a ƙarshen wata. Ya buɗe baki zai yi magana, sai muryar Inna ta fito daga cikin mata. Ban taɓa jin ta yi magana a taron maza ba.

Ta ce, "Ku hwaɗa mashi, ina ƙaramar ɗiya anka ɗauko mu daga tsibirinmu cikin jirgi, anka ce za a tare kogi, ruwa za shi ci garin amma za a samu wuta. Garin ya tahi, kabarin kakannina na ƙarƙashin ruwan ga. Ga ni da furfura, da fitilar kananzir nike kwana. Wancan karon ba a tambaye mu ba. Wanga karon tunda an tambaya, ni ban ba da ba."

Kada ku ɗauka tafi aka yi mana. Samari da yawa sun ji haushi, kuma suna da hujja. Wani masunci ya miƙe ya ce kifinsa yana ruɓewa saboda babu ƙanƙara, ni na ci nawa na ƙoshi yanzu zan toshe wa wasu. Na ce ban hana kowa dangwalawa ba, ga takarda ga tawada, amma ba da bakina za a sake cewa da riba ba. Gidaje kaɗan suka sa hannu, mafi yawa suka tashi suka kaɗe rigunansu. Na cire hular da rigar na ninke, na ɗora sikelin a kai, na ajiye gaban injiniya. Abokina ya fi shekara ba ya amsa gaisuwata.

Washegari Inna ta ƙulla goro a leda ta ce in nemi Baffa duk inda yake, in ce masa ita ta aiko ni, kara yana nan. Na ari babur na bi ta wajen Shanga ina tambaya ruga ruga har na same shi. Na isar da saƙo, na ƙara da nawa ban haƙurin. Ya karɓi goron ya ce Allah ya kai mu. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Aka yi girbi, muka bar karan a gona. Mako ɗaya, biyu, uku, shiru. Gara ta fara shiga. Masu wucewa suna cewa ga waɗanda ba su sayar ba kuma ba a ci ba, an yi biyu babu. Kullum da safe Inna takan je gindin ɗorawa ta tsaya ta duba hanya ta dawo. Ni kuma na koma kabu-kabu, abinci ma ba ya yi mini daɗi, don na san idan mutumin nan bai zo ba, na kashe abin da ubana ya bari ke nan har abada.

A mako na huɗu ya zo. Ina gida ranar, muka fita tare da Inna. Garken ya ragu ƙwarai, har ya tashi shanun ba su iya taka fiye da rabin gonar ba. Ranar tafiyarsa Inna ta sa na fito da dammuna daidai yadda aka saba ba shi, alhali rumbunmu ko rabi bai kai ba. Baffa ya ce rabi zai ɗauka tunda rabin aiki aka yi. Ta ce mijinta bai taɓa auna taki da mudu ba, ita ma ba za ta fara ba. Ni na ɗauki dammunan a kaina na kai masa har inda jakunansa suke.

Mutanen injin ba su daɗe ba suka tattara. Na ji an ce da suka sake buga lissafi, kuɗin dako kaɗai ya cinye abin. Amma a ƙauyenmu har gobe akwai masu cewa ni na kori wuta, wani lokacin da wasa, wani lokacin har cikin zuciya. Na karɓa. Ni ba maƙiyin wuta ba ne, wayar da nake rubutun nan da ita a shagon mai sola na biya aka yi mata caji, kuma ina jin zafin hakan kamar kowa. Ga buntun shinkafa can tuli tuli a bayan injinan casa, wanda yake son abin ƙonawa ya fara da shi, ya biya masu shi. Abin da ba zan sake yarda da shi ba shi ne mutum ya zo daga nesa ya kalli abincin gonata da na dabbar maƙwabcina ya ce shara ne, don kawai bai ga an rubuta masa farashi ba. Nadamata ɗaya ce, shekarar farko. Ta biyun kuwa ko yau aka sake, abin da zan yi ke nan.

Inna ta rasu, Baffa ya tsufa ba ya iya doguwar tafiya, ɗansa ne yake kawo shanun, ni nake fitar da dammuna. Bana ma wani ya zo da a-kori-kura yana taya karan gonar, ya ce in faɗi ko nawa nake so. Na ce masa ya yi haƙuri, an riga an yi cinikinsa tun kafin a haife ni.